AMSAR WASIƘUNKU: Ni Ina Ganin Sabon Shafi, Su Suna Ganin Tsoho

Yau jakar tamu cike take fal, amma wasiƙa guda ce za ta cinye mana kusan dukkan lokacin. Saboda haka waɗanda suka aiko da tambaya a kan maganin ƙwarin wake da kuma batun husufin wata, sai su yi mana haƙuri zuwa mako mai zuwa.

Wasiƙar ta fito ne daga hannun wani Alhaji mai sana'ar kayan fata a cikin birnin Kano, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ina da shafi a intanet inda nake tallar jakunkuna da takalma da tumtum. Mako uku ke nan da yaron da ke kula mini da shafin ya ɗauke shi daga kamfanin da muke haya, ya mayar da shi wani kamfanin mai rangwame. Muka sauya farashi, muka sauya lambar asusun banki. Ni idan na buɗe a shago sabon nake gani. Amma abokin cinikina na Faransa da wani na Jidda sun rantse tsohon suke gani, har ɗayansu ya tura kuɗi cikin asusun da na daina aiki da shi. Yaron ya ce wai laifin sabon intanet ne da Turawa suka koma. Wani kuma ya ce in kawo kuɗi a saya mini sabon suna, domin lambobin intanet sun ƙare. Don Allah ku warware mini."

To, Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya mayar da alheri. Tun kafin mu yi nisa, ka riƙe kuɗinka. Sunan shafinka lafiyarsa ƙalau, ba ya bukatar sauyi. Yaron naka kuwa ya ɗan kusanci gaskiya, sai dai ya ɗora laifin inda ba nan yake ba. Bari mu ɗauko zancen daga tushe.

Ita kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Duk wata na'ura da ke magana a intanet tana da lambarta, kamar dai yadda kowace wayar tarho take da tata. Sunan nan da kake rubutawa, domin mu 'yan Adam aka yi shi, saboda ba za mu iya haddace lambobi ba. Ke nan tilas a sami wanda zai riƙa juya suna ya koma lamba duk lokacin da ka nemi shafi. A farkon al'amari, zamanin da intanet ɗin bai wuce na 'yan jami'o'i da ma'aikatar tsaron Amurka ba, sunayen duka a cikin kundi guda suke, a wani ofishi na cibiyar bincike ta SRI a jihar Kalifoniya, ƙarƙashin wata mata mai suna Elizabeth Feinler. Wanda ya kafa sabuwar kwamfuta sai ya sanar da ofishin a rubuta sunansa, kowa kuma ya riƙa kwafar kundin lokaci lokaci. Da abin ya yi yawa sai kundin ya gagara. A shekarar alif 1983 wani masani, Paul Mockapetris, ya fito da tsarin da ake aiki da shi har gobe, wanda ake kira DNS a taƙaice, watau tsarin sunayen intanet.

Yadda yake aiki kuwa, ka ɗauka baƙo ne ya shigo ƙasa yana neman gidan wani. Alal misali ka rubuta abu.edu.ng, sunan shafin Jami'ar Ahmadu Bello. Wayarka ba ita ke yawon tambaya ba, ɗan aike gare ta, wata kwamfuta ce ta kamfanin da ke ba ka layi. Shi ɗan aiken daga ƙarshen suna yake fara karatu. Sai ya tafi fadar sarki, watau tushen sunaye na duniya, ya ce ina neman wane. Fada ta ce, mu ba mu san gidansa ba, amma tun da sunan ya ƙare da ng, je ka wurin hakimin Nijeriya. Hakimin nan ita ce ƙungiyar NiRA mai riƙe da rajistar ng, kamar yadda ne yake na Nijar. Hakimi ya tura shi wurin mai unguwa, watau kwamfutar da mai sunan ya wakilta ta riƙe masa rajistarsa. Mai unguwa shi ne zai buɗe littafi ya ce ga lambar gidan. Duk wannan zirga-zirga ba ta cika cin sakan guda ba. Ɗan aiken kuma ba ya komawa kullum, yakan riƙe amsar a ka na wani ɗan lokaci da mai unguwa ya yanka masa, wani minti biyar, wani awa guda, wani kwana guda.

To yanzu sai batun lambar ita kanta, don a nan gizo ke saƙa.

Tsohon tsarin lamba, wanda ake kira IPv4, an rubuta ƙa'idarsa a 1981. Lamba ce mai gurbi 32, kowane gurbi ko sifili ko ɗaya, amma akan rubuta ta kashi huɗu da ɗigo a tsakani, kamar 8.8.8.8. In ka lissafa, duk abin da tsarin zai iya bayarwa bai wuce lamba 4,294,967,296 ba, biliyan huɗu da 'yan kai. Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara abin, ya sha faɗa da bakinsa cewa su a lokacin gwaji suka ɗauka suna yi, ba su zaci gwajin ne zai zama intanet ɗin duniya ba. Yanzu kuwa mutanen duniya sun haura biliyan 8 tun 2022, ga wani da waya biyu da kwamfuta da talabijin duk a kan layi.

Saboda haka mutumin da ya ce maka lambobi sun ƙare bai yi ƙarya ba. Ran 3 ga watan Fabrairu 2011 hukumar IANA, wadda ke riƙe da babban rumbun, ta raba ragowar kashi biyar na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar na duniya, aka kulle rumbu. Ta yankin Asiya ta fara tsimi a watan Afrilun wannan shekarar, ta Arewacin Amurka ta ƙare a watan Satumba 2015, ta Turai a watan Nuwamba 2019. Tamu ta Afirka, AFRINIC, mai hedkwata a tsibirin Morishas, ita ce ta fi daɗewa da saura, amma ita ma ta shiga awon tsimi tun 2017. Har ta kai lambar ta zama hajar kasuwa: a 2011 kamfanin Microsoft ya sayi lamba 666,624 daga hannun kamfanin Nortel da ya karye, a kan dala miliyan 7 da rabi. Amma fa lamba ce ta ƙare, Alhaji, suna bai ƙare ba. Wanda ya haɗa maka su biyun, ko dai bai sani ba, ko kuwa aljihunka yake hange.

Masana sun hango wannan ƙarancin tun da wuri, shi ya sa a watan Disamba 1995 aka fito da sabon tsari, IPv6, mai gurbi 128. Yawan lambobinsa kuwa, ka rubuta 340 ka jera mata sifili 36. Ba ni da sunan da zan kira wannan adadi da shi. Akan rubuta sabuwar lamba da alƙaluma gauraye da haruffa, kamar 2001:4860:4860::8888. Matsalar guda ce: tsoho da sabo ba sa jin yaren juna. Na'urar da tsohuwar lamba kaɗai gare ta ba za ta yi magana kai tsaye da mai sabuwa kaɗai ba.

Dattawa za su tuna canjin hannu, ran 2 ga Afrilu 1972, da aka kwana ana tuƙi ta hagu aka wayi gari ana bin dama. Intanet ma ya taɓa yin irin wannan, ran 1 ga Janairu 1983, lokacin da kwamfutocin ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Yanzu ba mai ikon tsayar da duniya rana guda. Sai abin ya zama kamar canjin kuɗi na 1973, da fam da naira suka yi ta yawo tare a kasuwa kafin fam ya ɓace. Illa iyaka wannan canjin an doshi shekara talatin ana yinsa, bai ƙare ba.

To yaya mai unguwa zai yi da gida mai lamba biyu? Sai aka ƙara masa layi a littafinsa. Layin tsohuwar lamba sunansa A. Layin sabuwa aka sa masa AAAA, A huɗu, domin 128 ninkin 32 ne sau huɗu. Suna ɗaya yana iya samun layin A kaɗai, ko AAAA kaɗai, ko duka biyun. Wayar da take da tsarin biyu tambaya biyu take aikawa, ta ce a ba ni A, a ba ni AAAA. In ta sami duka, ƙa'ida ita ce ta fara gwada sabuwa. Alhaji, ka riƙe wannan maganar da kyau, za mu dawo kanta.

Ba a zo nan cikin sauƙi ba. An yi 'yan shekaru masana na jayayya a kan wani layin daban mai suna A6 da aka kawo a shekara ta 2000, daga baya aka ga ya cika sarƙaƙiya aka jingine shi. Ita fadar ma ta jima ba ta karɓi sabon tsari ba. Tushen sunaye suna 13 gare shi, daga A zuwa M, ko da yake kwamfutocin da ke amsa waɗannan sunaye sun fi 1,000 a warwatse cikin duniya. Dalilin 13 ɗin shi ne, a tsohuwar ƙa'ida amsa guda ba ta wuce awon harafi 512, to iyakar abin da ambulan ɗin zai ɗauka ke nan. Da za a cusa dogayen lambobin nan sai ambulan ya cika ya yage, aka ji tsoron tsofaffin na'urori za su watsar da amsar. Sai a watan Yuli 2004 aka fara sa sabuwar lamba ga hakiman Japan da Koriya ta Kudu, sa'an nan ran 4 ga Fabrairu 2008 aka sa wa shida daga cikin 13 na tushen.

Akwai kuma masu unguwannin da ba su taɓa jin AAAA ba. Wani in an tambaye shi sai ya yi gum, ɗan aike ya yi ta tsayuwa. Wani ma ya fi wannan ɓarna: maimakon ya ce mutumin yana nan amma ba shi da sabuwar lamba, sai ya ce ai babu mai wannan suna a unguwar nan sam. Ɗan aike ya haddace wannan amsa, ko an zo neman tsohuwar lambar sai ya ce babu.

Babbar wahalar dai ita ce ta mutumin da na'urarsa ke zaton tana da sabon layi alhali layin a katse yake wani wuri a hanya. Sai ta nufi sabuwar lamba ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofa, sakan 20, wani lokacin fiye da minti guda, kafin ta haƙura ta koma tsohuwa. Mai kallo ya ce shafin ya mutu. Wannan ya sa manyan kamfanoni suka yi ta ɗari-ɗarin sa layin AAAA, don kada su kori jama'arsu. Sai ran 8 ga Yuni 2011 Google da Facebook da Yahoo da wasu da dama suka haɗa baki suka kunna shi na awa 24 don gwaji. Da aka ga sama ba ta faɗo ba, ran 6 ga Yuni 2012 suka kunna suka bar shi. A wannan shekarar kuma aka tsayar da wata dabara da suka raɗa wa suna Happy Eyeballs, wai don idon mai kallo ya huta, aka kuma sabunta ta a 2017. Dabarar tsere ce. Na'ura takan ba sabuwar lamba ɗan rata, kamar rubu'in sakan. In ba ta amsa ba sai a saki tsohuwa ita ma, wadda ta riga amsawa da ita za a tafi.

To, Alhaji, mu dawo shagonka. Da a ce kwana ɗaya ko biyu ne da ƙaurar, sai in ce 'yan aike ne ba su manta tsohuwar amsa ba, ka jira. Amma mako uku ya wuce wannan. Abin da alamun nan suka fi nunawa shi ne, tsohon kamfanin ya ba shafinka lamba biyu, A da AAAA. Da yaronka ya tashi ƙaura sai ya gyara layin A ya sa lambar sabon gida, ya bar layin AAAA yana nuna tsohon gida, wataƙila ma bai lura da shi ba. Kai a Kano, kamar galibin masu layi a Nijeriya da Nijar, da tsohon tsari kake shiga, saboda haka A kake bi, ka iske sabon shafi. Faransa da Saudiyya kuwa suna cikin ƙasashen da sabon tsari ya yi nisa ƙwarai, tare da irin su Indiya da Jamus. Wayar abokan cinikinka AAAA take fara bi, ta kai su tsohon gida. Dabarar tseren nan ba za ta cece su ba, domin ita abin da ta sani kawai a amsa sallama. Tsohon gidan kuwa bai rushe ba, yana amsawa da hanzari, ya miƙo musu tsohon farashi da tsohon asusu. Su ba su yi ƙarya ba, kai ma idonka bai yaudare ka ba.

Gane gaskiyar wannan ba ya cin ko kwabo. Yaronka ya buɗe baƙin allon nan na ba da umarni a kwamfuta, ya rubuta nslookup -type=A sai sunan shafin, ya duba lambar da ta fito. Ya sake rubuta nslookup -type=AAAA da sunan. Kada ya ce ai layinmu ba shi da sabon tsari, ba a bukatarsa a nan. Tambayar sabuwar lamba tana iya bi ta tsohuwar hanya, kamar yadda za ka tambayi lambar gidan Legas kana zaune a Kano. Ya gwada da www a gaban sunan, ya kuma gwada babu shi, domin kowanne layinsa daban a littafin mai unguwa, kuma sau da yawa a nan ake mantuwa. Sai ya kwatanta abin da ya fito da lambobin da sabon kamfanin ya ba ku.

In ya tarar da tsohuwar AAAA, gyara iri biyu ne. Wanda na fi so shi ne a tambayi sabon kamfanin ko yana da sabuwar lamba, in akwai a sa ta a gurbin waccan, a kuma sa na Faransa ya buɗe ya tabbatar. In babu, a share layin AAAA ɗin gaba ɗaya. Barinsa babu ya fi a bar shi yana nuna gidan da ka tashi. Bayan haka a ɗan jira wa'adin 'yan aike ya cika, a kuma rubuta wa tsohon kamfanin ya sauke tsohon shafin. Batun kuɗin da aka tura kuwa, wannan tsakaninka da bankinka ne, ka je da shaidar turawar tun da wuri.

Na san za ka ce, to in na share, wanda wayarsa ba ta da tsohuwar lamba sam fa, ya ɓace mini ke nan? A'a. Lalle akwai kamfanonin wayar salula da sabuwar lamba kaɗai suke ba wayoyi, irin su T-Mobile a Amurka. Su dabarar da suke yi, wadda aka tsayar da ƙa'idarta a 2011, ita ce ɗan aikensu yakan ɗan yi ƙari a magana. In ya je ya tarar shafi A kaɗai gare shi, sai ya ƙirƙiro masa AAAA, ya ɗauki tsohuwar lambar ya naɗe ta cikin sabuwa. Alal misali 8.8.8.8 sai ta koma 64:ff9b::808:808. Waya ta karɓa ta nufi can, a hanya kuma akwai tafinta da ke warware naɗin ya isar da saƙo ta tsohon tsari, ya dawo da amsa. Sunan wannan ɗan aike DNS64, tafintan kuma NAT64.

Dabarar na da nata cikas. Akwai hatimi da masu unguwa ke bugawa a kan amsa don kada a yi jabu, ana kiransa DNSSEC, to lambar da ɗan aike ya ƙirƙira ba ta da hatimi, na'urar da ta dage sai ta ga hatimi da idonta za ta ƙi ta. Haka nan manhajar da aka dasa wa tsohuwar lamba a ciki, ba ta tambayar suna, ɗan aike ba shi da inda zai taimake ta. Wannan ya sa aka ƙaro wani ƙaramin tafinta a cikin wayar kanta a 2013, kamfanin Apple kuma ya shar'anta tun daga watan Yuni 2016 cewa duk manhajar da za a kawo kantinsa sai ta iya aiki a layin da sabon tsari ne zalla. A nan zan ja kunnen samarin nan masu sauya wa mutane ɗan aike a waya da sunan ƙara sauri. A layi irin wannan, in ka kori ɗan aiken kamfani ka kawo na waje wanda bai san naɗin nan ba, wasu shafukan na iya ƙin buɗuwa, mai waya kuma bai san mafarin abin ba.

Saura 'yan mintoci, bari mu ɗauki gajeruwa guda. Wata ɗaliba daga Damagaram ta ce an yi na huɗu an yi na shida, ina na biyar ya shiga? Malama, ba a ɓatar da shi ba. An riga an ba da lamba 5 ga wani tsarin gwaji na aika murya da hoto mai suna ST, wanda bai yaɗu ba. Da aka zo raɗa wa sabon tsari suna sai aka tsallake ta don kada a rikita.

Alhaji, muna jiran wasiƙarka mu ji abin da yaron ya tarar a layin AAAA. Masu tambayar ƙwarin wake kuma, da ku za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.